Laraba, wata ya yi nisa

Cinyoyina har yanzu suna tsami daga atisayen shekaranjiya, shi ya sa yau na bar ƙafafu su huta, na ba ƙirji da gadon baya da kafaɗu haƙƙinsu. Kayan aikin dai na kullum ne: jarkoki biyu masu cin lita biyar-biyar, tsohuwar jakar goyo da na cika da littattafan da na gama da su, teburin katako mai ƙwari, sai daɓen ɗaki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ko ba sikeli na san abin da nake ɗagawa. Ranar da ruwan ya daina ba ni wahala zan juye shi in ɗura yashi, tunda yashi ya fi ruwa nauyi sosai a mazubi iri ɗaya.

Na fara da dafa ƙasa, jaka a baya, ina sauke ƙirji ina tasowa. Daga nan na kwanta a ƙarƙashin tebur na kama bakinsa ina jawo jikina sama, sannan na ɗauki jarkokin ina cira su bisa kai. Duka-duka bai kai minti arba'in ba. Tsoka ba ta san kuɗin abin da ta ɗaga ba, wahalar da ta sha kawai ta sani. Masu bincike sun sha gwada nauyi mai yawa da maras yawa, sun ga duka biyun suna gina tsoka kusan daidai, muddin mutum ya ci gaba har ya kusa kasawa. Inda mai atisaye a gida yake tsayawa cik shi ne in ya yi wata da watanni yana maimaita abu ɗaya, jiki ya saba, ba abin da ke ƙaruwa. Shi ya sa nake da ɗan littafin da nake rubuta abin da na yi, kuma duk mako sai na nemo hanyar tsananta wa kaina ba tare da na kashe ko sisi ba. Wani lokaci in ƙara littafi ɗaya a jaka. Wani lokaci in ɗora ƙafafu a kan kujera, ko in riƙa sauka a hankali ina ƙirga uku kafin ƙirji ya kusa ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin rai, yau ma sai da hannuwana suka yi ta rawa.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema daga baligi a jagorarta ta 2020 bai fi ƙarfin kowa ba: minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Babu inda aka ce sai da rajistar gidan motsa jiki.

Na karya da dafaffen ƙwai biyu da sauran waken jiya, da shayi ba sukari, na kama hanya.

A wurin aiki ne aka yi ta. Akwai wani abokin aikinmu da ya girme ni nesa ba kusa ba, mutumin kirki, Yaya nake ce masa. Ya lura wandona ya fara yi mini yawa, sai ya jawo kujera ya buɗe jakarsa. Fakitin shayi ne da wani faffaɗan bel na roba.

Ya ce, “Ƙanena, wahalar nan ta isa haka. Ga shayin rage teɓa, ga bel. Mako biyu ka ga aiki. Ba sai ka biya yanzu ba, in an yi albashi ka kawo.”

Na ce, “Yaya, na gode ƙwarai. Amma ka san halin da ake ciki, ko albashin ya zo an riga an raba shi tun bai iso ba.”

“Ai shi ya sa na ce bashi. Ni da kaina na sha, kilo biyu na sauke cikin kwana huɗu.”

Na karɓi fakitin na juya bayansa. Kamar yadda na zata, cikin kayan haɗin akwai filasko. Da yawan irin wannan shayi da shi ake haɗa su, kuma filasko maganin wanke ciki ne. Mutum zai yi ta zarya bayan gida, ruwa ya fita, sikeli ya yi ƙasa, shi kuwa kitse yana nan inda yake. Bel ɗin ma haka: gumi yake jawowa a ciki, gumi kuwa ruwa ne da gishiri, da ka sha kofi biyu ya dawo. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700. Kafin a ce mutum ya ƙona kilo biyu na kitse a kwana huɗu, sai ya zama yana da giɓin kalori kusan 4,000 kowace rana, abin da ya fi duk abincin da yawancinmu ke ci a yini. Ban faɗa masa duk wannan a jere ba, don kada ya zama kamar ina koya wa babba karatu a gaban mutane. Tambaya kawai na yi masa: in kitse ya narke, ta ina yake fita?

Ya ce ta gumi mana, ko ta bayan gida.

Na ce masa ta numfashi. A 2014 wasu masana biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun yi lissafin a mujallar likitoci ta BMJ: in mutum ya sauke kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar da muke fitarwa, sauran 1.6 ne ke zama ruwa. Yaya ya kwashe da dariya har da buga tebur, ya ce to shi daga yau zama zai yi ya yi ta haki. Na ce jiri kawai zai kwashe shi, don sai jiki ya ƙona kitsen tukuna kafin a sami abin fitarwa. Muka rabu lafiya. Ya mayar da kayansa jaka, amma na ga alamar bai gamsu ba, kuma kafin a tashi na hango shi yana nuna wa wani bel ɗin.

Kafin ya tafi ma sai da ya ce aƙalla in riƙa yin atisayen ciki safe da yamma don teɓar ta zube. Wannan ma an gwada. A 2011 a Amurka an sa mutane atisayen ciki zalla na mako shida, tsokar cikin ta ƙara juriya, kitsen da ke kanta bai ragu ba. Jiki shi ke zaɓar inda zai fara ɗiba, kuma a wurin maza da yawa ciki ne ke zuwa ƙarshe.

Da rana na buɗe kulata: shinkafa kaɗan, wake da yawa, kabeji da karas da albasa sun cinye rabin wurin. A nan ne ainihin yaƙin mai ƙaramin ƙarfi yake, ba a wurin kayan atisaye ba. Abinci mafi araha a ko'ina shi ne gari da sukari da mai, wato abin da aka soya ko aka zaƙaƙa. Da ɗan canjin da ke aljihunka za ka sayi kalorin rabin yini, ka cinye a tsaye, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Shi ya sa nake jin haushin masu cewa ƙibar talaka kwaɗayi ne. Abin da kuɗinsa ke iya saya ne yake sa shi ƙiba, kuma abin da zai riƙe masa ciki ya gina masa jiki shi ne mai tsada.

Mai shi ne ɓarawon da ba a jin shigowarsa. Gram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin (sinadarin abinci mai gina jiki) kuwa 4. Babban cokali ɗaya na man girki wajen kalori 120 ke nan. Mutum mai nauyina in ya taka kilomita ɗaya abin da zai ƙona bai wuce kalori 60 ba, ka ga cokali ɗaya tafiyar kilomita biyu ce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan mai dai ban yarda ba. In ka karkata kwalba bisa tukunya, cokali huɗu sun zuba kafin ka ɗago hannu. Ni da cokali nake aunawa, kuma ribar biyu ce, don kwalbar tana daɗewa ba ta ƙare ba.

Wajen ƙarfe uku sha'awar lemon kwalba mai sanyi ta taso mini, kamar yadda take yi kullum a wannan lokaci. Gwangwani ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen gram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada irin wannan sukari ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wajen gram 50 ke nan ga yawancin manya. Na sha ruwa, na zaga bayan ofis na dawo, ta wuce.

Da aka tashi na sauka daga mota tun da sauran tafiya, na ƙarasa da ƙafa, kuɗin da ya ragu ya koma aljihu. Ba ni da agogon ƙirga taku, wayata ce ke yi, ita ma ba na damuwa da ita sosai. Taku 10,000 ɗin nan da ake ta yayatawa ba daga asibiti ya fito ba, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne da aka fitar a Japan a 1965. Wani bincike na jami'ar Harvard a 2019 a kan tsofaffin mata ya ga amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Ma'aunina mai sauƙi ne: in yi sauri yadda zan iya magana amma ba zan iya rera waƙa ba.

Na biya kasuwa da abin da ya saura na makon. A nan nake daɗewa, don ba da ido nake sayayya ba, da lissafin furotin nake yi. Nauyina yana wajen kilo 80. Mafi ƙarancin abin da ake so baligi ya samu shi ne gram 0.8 a kan kowane kilo, nawa gram 64 ke nan. Ga mai ɗaga nauyi kuwa, wani babban nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 49, ya nuna amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen gram 1.6, wato 128 a wurina. Ƙwai ɗaya gram 6 ne. In da ƙwai kaɗai zan cike wannan, sai na ci fiye da ashirin a yini, abin da ko aljihu ko ciki ba zai ɗauka ba. Garin furotin na gwangwani kuwa ko tambayar kuɗinsa ba na yi.

Busasshen wake shi ne gatana: gram 100 yana ba da furotin sama da gram 20, ga ƙoshi mai daɗewa saboda harzar da ke cikinsa. Waken suya ya fi shi, wajen gram 36, sai dai yana son jiƙo da dogon dahuwa, kuma makamashin girki shi ma kuɗi ne, don haka nake dafa na kwana uku a tashi ɗaya. Ƙaramin gwangwanin sardin wajen gram 20 ne. Gyaɗa tana da furotin kamar gram 25, amma gram 100 ɗinta ya haura kalori 550, saboda haka cikin tafin hannu ɗaya nake tsayawa, ba na ajiye ledar kusa da ni. Ba kullum nake kai 128 ba. Yawanci tsakanin 90 da 100 nake faɗawa, kuma ƙarfina bai daina ƙaruwa a littafin ba, don haka ban ga dalilin cin bashi a kan ragowar ba. Yau na sayi wake, ƙwai, kabeji, da lemon zaƙi da na samu an karyar da shi don ya fara laushi. Nama sai an yi albashi.

Ba ni da sikeli a gida, kuma ban yi niyyar saya ba. Nauyi yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare saboda gishiri da ruwa da abin da ke hanji. Ko sitacin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, kowane gram ɗinsa yana riƙe da ruwa wajen gram 3, shi ya sa wanda ya daina cin shinkafa yake ganin ya zube a makon farko ya ɗauka kitse ne. Zare nake amfani da shi. Na yanke shi daidai tsawona, na ninka biyu, ina zagaya shi a ciki tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Ƙa'idar ita ce zagayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin lafiya a Birtaniya ta sa wannan cikin shawarwarinta a 2022. Yau bakin zaren biyu saura kamar yatsu uku su haɗu. Da na fara, tafin hannuna guda yana shiga tsakaninsu.

Da dare na ci wake da ganye da ƙwai ɗaya, na jiƙa waken suya na gobe. Yunwar dare tana nan, ba ta da yawa amma tana nan, kuma na lura in na kai sha biyu ido biyu ina latsa waya, sai ta rikiɗe ta zama neman biskit. A 2010 an yi wani ɗan gwaji a jami'ar Chicago da mutum 10 masu rage abinci: lokacin da aka ba su awa biyar da rabi a gado maimakon takwas da rabi, nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma kitsen da suka sauke bai kai rabin wanda suka sauke da isasshen barci ba, sauran daga tsoka da makamantanta ya fita. Mutum goma ba yawa ba ne, amma barci kyauta ne, don haka ƙarfe goma nake kashe fitila.

Matsala ɗaya ta taso: takalmin tafiyata na dama ya buɗe baki, ɗazu a hanya har tsakuwa ta shiga. Shi kaɗai ne abin da na yarda in kashe wa kuɗi a wannan harka, don in tafin ƙafa ko gwiwa ya samu rauni komai ya tsaya. Sabo ba zai yiwu ba a watan nan. Gobe da safe zan kai wa mai gyara ya ɗinke, kuɗin kuma daga na sardin ɗin makon nan zai fita, waken suya ya cike gurbin.