Ɓerayen da na mayar kan dandamali sau biyu

Mako shida na yi ina zargin kirisin, sinadarin tsiro da nake gwadawa a kan ɓeraye, alhali laifin nawa ne. Har yau in na buɗe littafin da nake rubuta sakamako na ga shafukan nan, raina sai ya sosu.

Aikin nawa a kan filabonoyid ne, sinadaran tsirrai da ake gwada ko suna rage fargaba. Na zaɓi kirisin saboda masu bincike a Ajantina sun nuna a 1990 cewa yana kama gurbin da diyazefam, sanannen maganin rage fargaba, ke kamawa a jikin makarɓar GABA (sinadarin da ke lafar da aikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa), a 1994 kuma suka nuna yana kwantar wa ƙananan ɓeraye hankali. Ma'aunina shi ne dandamalin nan mai siffar alamar tarawa: hannu biyu masu bango, biyu a buɗe, an ɗaga shi daga ƙasa. Minti 5 ake ba ɓera. Mai fargaba yakan lafe a lungu, wanda hankalinsa ya kwanta yakan fita fili.

Zagayen farko ya yi kyau. Ɓerayen da na ba diyazefam don kwatantawa suka yi ta yawo a fili, na kirisin ma suka taɓuka. Sai dai ɓerayen sun yi kaɗan, ina son tabbaci. Neman izinin ƙarin dabbobi daga kwamitin ɗa'a na cin lokaci, don haka na yi abin da na ɗauka dabara ce: na bar su suka huta mako guda, na cakuɗa rukunonin, na sake ɗora su.

Ko motsi. Kusan kowa ya maƙale a lungu.

Nan na shiga kame-kame. Kirisin ba ya narkewa a ruwa, to na ce ko DMSO ɗin da nake narkar da shi a ciki ne ya yi yawa, na rage. Na nemo sabon gari. Na rage hasken ɗaki, na sauya yadda nake goge dandamalin da barasa tsakanin ɓera da ɓera. Duk kuma a kan ɓerayen nan dai nake gwadawa! Abin da ya fi ba ni haushi, amsar tana gabana tun ranar farko: na diyazefam ma ba su fita ba. Maganin da na sa don ya zame mini shaida ya daina aiki, ni kuwa idona na kan layin kirisin kawai.

Da na kai wa malamina takardun, ko shafi biyu bai juya ba.

"Sau nawa kowane ɓera ya hau?"

"Wasu sau uku, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau. "To ai kai ka koya musu inda za su ɓuya."

Ashe abin sananne ne. Sandra File, wadda tana cikin waɗanda suka tabbatar da ingancin gwajin a 1985, ita da abokan aikinta sun bayyana a 1990 cewa hawa ɗaya ya isa ya sa irin su diyazefam su kasa tasiri a hawa na biyu. Ɓeran ya riga ya san wurin. Abin da ke hana shi fita yanzu ba ɗari-ɗarin baƙunta ba ne, tsoro ne da ya koya. Hutun mako guda ba ya goge wannan.

Don haka in za ka yi irin wannan aiki, lissafa dabbobinka tun farko, har da na gwajin share fage, kowa hawa ɗaya. Kafin ka kalli sinadarinka, kalli rukunin diyazefam. In shi bai yi aiki ba, zubar da sakamakon ranar. Ka riƙa ƙirga shiga hannuwa masu bango ma, don ɓeran da kasala ta kama daban yake da wanda ya natsu. Afijenin, wani filabonoyid na furen kamomil, ya jawo irin wannan gardama: wasu sun ga ya rage fargaba, wasu sun ga ya rage zirga-zirga ne kurum.

Dole dai na koma gaban kwamitin da na guje wa. Da sababbin ɓeraye suka iso, diyazefam ya dawo da ƙarfinsa tun ranar farko. Kirisin ya yi tasiri, amma bai kai yadda zagayen farko ya sa na yi ta buri ba. Tsofaffin ɓerayen kuwa, waɗanda na yi ta tsira wa allura a banza, ba su shiga rahoton ba ko da layi ɗaya.