Kafin ku miƙa wa yaro wayarsa ta farko

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa na gida. Gaisuwa daga Ingila, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya.

Wayoyin da ake aikowa gida daga nan, da yawansu a hannun yara suke ƙarewa, tukwicin saukar Alƙur'ani ko na cin jarrabawa. Roƙonmu ɗaya ne: kada wayar ta shiga hannun yaro sai babba ya zauna ya saita ta. Aikin bai wuce na awa guda ba, amma idan yaron ya riga ya saba da ita a sake, ƙwace masa wannan 'yancin rigima ce.

Tushen komai shi ne ranar haihuwar da aka rubuta a asusun. Abin da aka saba shi ne a kai wayar shago a ce a buɗe Gmail, mai shago kuma ya ƙara wa yaron shekaru don aikin ya yi sauri. Daga nan Google ya ɗauke shi baligi, YouTube da Play Store su buɗe masa komai. Don haka a goge wayar tas ta koma kamar sabuwa, musamman idan ta hannu ce, bayan an cire asusun mai ita na da, domin in ba a cire ba za ta kulle tana neman kalmar sirrinsa.

Idan Android ce, irin su Tecno, Infinix, itel ko Samsung, uba ko uwa ya sauke Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, a tasa wayar, kyauta ce. A cikinta za a buɗe wa yaron da bai kai shekara 13 ba asusu da shekarunsa na gaskiya, sannan a shiga da shi a wayar yaron. Wanda ya haura 13 ma ana iya ɗora masa kulawar, sai dai da amincewarsa. Wayoyin Huawei da suka fito ba tare da manhajojin Google ba, wannan tsari ba ya aiki a kansu. A iPhone kuwa ana amfani da Screen Time, tsarin kulawa da ke cikin saitin wayar, da lambar sirri mai alƙaluma 4. Kada ta zama shekarar haihuwar wani a gidan, kuma kada a danna ta yaro yana kallo.

Sai a tsayar da lokaci. A ganinmu, ga ɗan shekara 10 zuwa 13, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa a ranakun makaranta, a ƙara kaɗan ranar hutu. A sa wayar ta kulle kanta daga bayan Isha'i, misali 8:30, zuwa 7:00 na safe, tunda yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Ko tana kulle ana iya kiransa ya ɗauka. Manhajar Alƙur'ani da ƙamus a cire su daga lissafin, wasanni kuma a ba su nasu ƙaramin kason, kamar minti 30. A kunna neman izini kafin sauke kowace manhaja, ko da ta kyauta ce.

Yanzu ga inda ake samun ɓaraka, kuma nan ne ya fi shafar gida.

A nan Turai yawancin abin da ke shiga wayar yaro ta intanet yake bi, shi ya sa aka gina waɗannan makullai a kan intanet. A gida kuwa hannu da hannu ake yi. Aboki ya tura masa bidiyo ko manhaja ta Xender ko Bluetooth, ko a kai memori wurin masu tura finafinai a cika ta da kuɗi kaɗan. Matatar Google ba ta ganin abin da ke cikin memori. Maganin shi ne a hana Xender da ire-irenta a Family Link, a tabbata an rufe damar saka manhaja daga wajen Play Store da ta ƙara wani mai amfani a wayar, sannan a riƙa duba ma'ajiyar bidiyo da ido. Family Link ba ta karanta saƙonnin WhatsApp, lokaci kawai take ƙirgawa. A shiga saitin sirri na WhatsApp ɗin a hana baƙi jefa yaron cikin guruf, a kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye. Ka'idar WhatsApp da TikTok ita ce sai wanda ya kai shekara 13, kuma Ostireliya ta ɗaga ta shafukan sada zumunta zuwa 16 tun Disambar 2025. Ba laifi ba ne a ce wa yaro ya jira.

Wata matsalar ta data ce. Iyakar da aka riga aka sa tana aiki ko babu intanet, amma sabon umarni ba ya isa wayar yaron sai ta hau. Idan ta kulle kuma ba data, akwai lambar buɗewa ta iyaye a cikin Family Link, wadda ke sauyawa lokaci zuwa lokaci. Layin da za a sa masa kada ya zama wanda ke haɗe da asusun banki, saboda lambobin sirri da saƙon kuɗi ta nan suke shigowa.

Sannan duk wannan ba ya hana yaro ɗaukar wayar mamansa ko ta yayansa, don haka su ma a sa musu makulli. Da dare a karɓi wayar ta kwana tana caji a ɗakin iyaye. A kuma faɗa masa ƙarara abin da aka saita da dalilinsa, tare da alkawarin cewa idan wani baƙo ya nemi hotonsa ko ya turo masa abin banza ya kawo ƙara, ba za a ƙwace wayar ba. Tsoron ƙwacewa ne ke sa yara yin shiru har abu ya yi nisa.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalam.