Ciwo ɗaya a takardar likita, ƙwaƙwalwa biyu a gidanmu

Inna ta daina barci ne bayan ta fita takabar Baba. Ƙarfe uku na dare sai in same ta zaune a bakin gado, tana cewa kanta kamar an ɗora masa garwashi, gabanta sai faɗuwa yake. Tuwo ba ya wucewa, fura ma sai da lallashi. An yi rubutu, an yi tofi, an auna hawan jini, an gwada zazzaɓin sauro har sau biyu. Daga ƙarshe wani ma'aikacin lafiya a nan Tawa ya zaunar da ita, ya saurare ta a natse, ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Ya rubuta mata amitiriftilin, ta riƙa sha da dare. Barci ne ya fara dawowa. Bayan wata ɗaya da ƴan kwanaki, ita da kanta ta ce a kai ta sunan jikar ƙawarta.

Shekara ta zagayo, Autanmu ya dawo daga bida a Libiya hannu wofi. Shi barci bai gudu ba, shi ne ma ya yi masa yawa. Ya wuni kwance, ya ci abin da aka ba shi har ya nemi ƙari, ya koma. Yaron da ba a raba shi da ƙwallo da fadar shayi, sai abokai su yi ta sallama ya ƙi fita. Na tambaye shi me ke damunsa, ya ce: "Yaya, ba baƙin ciki nake ji ba. Ba na jin komai ne, kuma hannuna da ƙafata kamar an ɗaura musu dutse."

Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma na yi jinyar Inna, saboda haka na ɗauka na san ciwon nan. Na ɗebi ƙwayoyin Inna na riƙa ba shi kowane dare, kwana goma. Har yau abin yana ci mini rai. Maganin da ya kwantar da mai rashin barci, shi na ba wanda barci ya riga ya danne. Bakinsa ya bushe, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi, azahar ma sai an tashe shi. Da na ga babu sauyi na ce masa ragwanci ne, tunda ga Inna ta warke da wannan maganin. Bai amsa ba, ya juya fuskarsa bango.

Kawunmu ne ya ce a kai shi Yamai. Muka shiga motar asuba, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500. Likitan ƙwaƙwalwar da ya duba shi ya yi tambayoyin da ban taɓa tunanin yi ba: ko ya taɓa shan taramol a wurin aiki, ko akwai lokacin da ya yi kwanaki ba barci amma yana jin ƙarfi da surutu fiye da kima, ko tunanin halaka kansa yana zo masa. Da na faɗa masa abin da na yi, ya ajiye biro ya ce: "Malama, sunan ciwon ɗaya ne a takardata, amma ba abu ɗaya ke faruwa a kan mahaifiyarki da na ƙanenki ba. Kuma wannan maganin, in an sha da yawa yana iya tsayar da zuciya. Ki kulle shi."

Na roƙe shi a ɗauki hoton kan Auta a ga inda ya lalace. Ya ce hoton da ake ɗauka a asibiti yana nuna ƙari ko zubar jini, ba ya nuna damuwa.

Da muka dawo na duƙufa karatu, don ina so in gane abin da na kasa gani a cikin gidanmu. Littafin da likitocin Amurka ke aiki da shi ya lissafa alamomi tara, kuma biyar sun isa a ce mutum yana da ciwon, in sun kai mako biyu, kuma ɗaya daga cikinsu baƙin ciki ne ko rashin jin daɗin komai. Hanyoyin haɗa su sun kai 227. Na zauna da alli na lissafa: mutum biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya alhali alama ɗaya tak suka haɗa. Kuma rashin barci da yawan barci layi ɗaya aka ba su, haka rashin ci da yawan ci. Wato a takarda Inna da Auta sun yi kama, a tsakar gida kuwa kamar dare da rana. A 2015 an bi bayanan majinyata 3,703 a Amurka, aka samu salon alamomi 1,030.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne aikin Leanne Williams da abokan aikinta a Jami'ar Stanford, wanda ya fito a 2024. Sun sa mutum 801 masu damuwa da fargaba cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta IRM, irin wadda ke bin sawun jini, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki ya fi jan jini. Sun duba su suna hutawa, sun kuma duba su suna wani aikin tunani. Suka ware rukuni shida. A wasu, sassan da ke sarrafa tunani suna aiki fiye da kima, kuma su ne suka fi jin daɗin maganin benlafakzin. Wani rukunin kuwa zama da mai ba da shawara, da komawa ayyukan yau da kullum sannu a hankali, shi ya fi yi musu amfani. Ban ɗauki lamba shidan nan kamar wahayi ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Cornell sun ce rukuni huɗu ne, a 2019 wasu a Holan suka sake gwadawa ba su samu rabon nan ba. Inda duka suka haɗu shi ne ba fasali ɗaya ƙwaƙwalen masu wannan ciwo suke aiki ba. Wataƙila shi ya sa ma a wani babban gwajin magani na Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko.

Mu a Adar ba mu da wannan na'urar bincike, su ma can ba ta zama hanyar zaɓen magani ta yau da kullum a asibitoci ba. Abin da likita ya ba ni shi ne aiki: in sayi littafin rubutu irin na ɗalibaina, in riƙa rubuta lokacin kwanciyar Auta da tashinsa, abin da ya ci, ko ya fita ƙofar gida, da maganar da ya yi da bakinsa, ba fassarata ba. Ya rubuta masa fulokzetin da safe, ya ce kada mu yanke hukunci kafin mako shida, kuma kowace rana a ba shi ƙaramin aiki ɗaya ko ba ya so. Muka fara da ban ruwan tumakin Inna.

Littafin ya nuna mini abin da idona zai wuce. Inna, lokacin ciwonta, safiya ce mafi muninta, zuwa la'asar ta ɗan sake. Auta kuwa da yamma yake nutsewa, lokacin da tsaransa ke dawowa daga kasuwa da kuɗi a aljihu. Sai muka mayar da aikinsa yamma. A mako na biyar na rubuta cewa ya tsaya a ƙofa ya gaisa da maƙwabci. A na bakwai ya tambayi wa ya ci wasan jiya.

Na ba shi haƙuri kan kalmar ragwanci, ya ce ya yafe, amma ya ce ranar ya ji kamar an rufe ƙofa ta ƙarshe. Wannan ma na rubuta. Har yanzu yana shan magani, akwai ranakun da yake komawa ɗaki, kuma wata mai zuwa za mu koma Yamai da littafi na biyu. Ƙwayoyin Inna suna cikin akwatina, makullin yana ɗaure a bakin zanena.