Abin da wuta ba ta ƙonawa: darasi daga ɗakin gwajin nama

Lokacin da na fara aikin gwajin nama da kifi a Garwa ta ƙasar Kamaru, na ɗauka cewa duk abin da ya sha wuta sosai ya kuɓuta, domin haka muka taso muna ji a gida. Wani kilishi ne ya raba ni da wannan tunani. An kawo shi bayan mutanen wani gida sun yi ta amai sa'o'i uku da cinsa. Na niƙa shi, na shuka a farantin renon ƙwayoyin cuta, na ajiye a zafin digiri 37 har kwana biyu, amma ƙwayoyin da suka tsiro ba su taka kara sun karya ba. Har na fara rubuta cewa naman lafiya lau yake, sai shugabar ɗakinmu ta ce, "Ɗana, ka nemi mai laifi bayan ya mutu, ka bar dafin da ya zuba."

Ashe mai kilishin ya sake gasa shi kafin ya sayar. Ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda take zaune a hanci da fatar mutane da yawa ba tare da ta sa su ciwo ba, tana sauka kan nama daga hannu ko tari, kuma idan ta kai wajen dubu 100 a giram ɗaya sai dafinta ya isa ya kwantar da mutum. Wuta tana kashe ƙwayar, amma dafin yana jure tafasa, ba ya wari, ba ya kuma sauya ɗanɗano. Gwajin dafin daban yake da ƙidayar ƙwayoyi, kuma shi ne ban yi ba.

Kifin tafkin Lagdo, da ake kawowa Garwa, ya koya mini wani abu dabam. A zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, karfasar da aka ɗauko ba ƙanƙara tana isowa da ƙwayoyin da suka hayayyafa a hanya, sai sakamakon ya ɗora wa masunci laifin da ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mahautanmu, waɗanda yawancinsu masu amana ne, ba a taɓa yi musu wannan bayani da harshensu ba. Yanzu idan na je karɓar samfur nakan tsaya in ce, "Baba, mai yanka a yatsa kada ya shafa tunkuza yau, kuma tsiren da ya kwana a ɗumi, ko an mayar da shi wuta, kada a ba yara."