Aninin da na tsinta a akwatin kakata

Makon jiya muna gyara akwatin marigayiya kakata, Allah ya jiƙanta, na ci karo da anini guda da kwabbai uku masu huda a tsakiya, a ƙulle cikin tsumma. Ban san komai game da tara tsoffin tsabar kuɗi ba, don haka na shiga shafukan dillalansu a intanet.

Abin da ya fi amfanar ɗan koyo shi ne yadda suke saka hoton gaba da bayan kowane kwabo, tare da shekararsa da ƙarfen da aka yi shi da shi da kuma matakin gogewarsa. A nan na gane cewa ƙaramin harafin H da ke jikin ɗaya daga cikin nawa alama ce ta masana'antar Heaton da ke Birmingham a Ingila, inda aka buga shi. Wani kuma na 1936 yana ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki a wannan shekarar.

Da ban karanta gargaɗinsu ba, da tuni na dirje su da toka da lemun tsami, alhali wankewa na karya darajarsu a wajen masu tarawa.

Sai dai na lura farashin kwabo iri ɗaya ya kan bambanta daga wannan dillali zuwa wancan, saboda haka sai na duba shafuka uku kafin na yarda. Nawa kam ba na sayarwa ba ne. Na sa kowanne a 'yar ambulan ɗinsa, na rubuta shekararsa a bayanta.