Keke ba ya sallama

Akwai tabo a gwiwar hannuna ta hagu, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce faɗuwa na yi daga keke, in yi shiru. Abin da ba na ƙarasawa shi ne, a ranar saura ƙiris in kayar da wani dattijo daga kan dokinsa, kuma laifin nawa ne tun daga farko har ƙarshe.

Turbar da nake bi ta ratsa daji, faɗinta bai wuce mutum biyu su jera ba. Masu tafiyar ƙafa na binta, masu gudun motsa jiki na binta, masu dawaki jefi-jefi, ga kuma namun dajin da suke wurin tun kafin a fitar da turbar. Akwai wata doguwar gangara da ke ƙarewa da kwana ta hannun dama, ciyawa ta rufe kwanar ruf, har ta fi ni tsayi in ina kan sirdi. Na bi ta ya fi sau ɗari ban taɓa cin karo da kowa a wurin ba. Wannan sabon ne ya cuce ni. Na fara ɗaukar kwanar kamar gadon gidanmu.

Da safiyar ranar, 'yar na'urar da ke kan keken ta nuna kilomita 28 a awa lokacin da na leƙa ta a tsakiyar gangarar. Ina shan kwanar sai ga ɗuwawun doki a gabana, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Na damƙe birki biyun gaba ɗaya da iya ƙarfina. Tayar gaba ta ƙi juyawa, ta zame a kan tsakuwa, keken ya kwanta, ni ma na bi shi. Ina ƙasa ina jin tsakuwa na cin fatar hannuna, na ga dokin ya zabura gefe, ya ɗaga ƙafafun gaba, dattijon ya kifa a wuyansa ya riƙe geza da linzami tare. Ƙafar baya ta dokin ta wuce kusa da tayata, har yau ina jin ƙarar kofaton a kunnena.

Dattijon bai ko dube ni ba sai da ya lallashi dokinsa, yana shafa masa wuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya juyo.

"Ka ji ciwo, yaro?"

"Baba, ku yi haƙuri. Wallahi ban gan ku ba."

"Ni na haƙura," in ji shi. "Wannan ne bai san haƙuri ba. Da ka yi magana tun daga can sama, da ya san mutum ne ke tafe."

Shekarata 41 a lokacin, amma "yaro" ɗin nan ya zauna mini daidai.

Maganarsa ta ƙarshe na yi ta juyawa a hanyar komawa, ina tura keken da kansa ya karkace. Mu masu keke muna alfahari da cewa abin hawanmu ba ya ƙara. Ba inji, ba hayaƙi, in sarƙa ta sha mai sai ɗan sautin taya a kan ƙasa. Ban taɓa tunanin yadda wannan shirun yake a wurin wanda ke gabana ba. Mai tafiya a ƙafa yana tafe a hankali, ana ganinsa tun daga nesa. Babur yana da gudu, amma ƙararsa ta riga shi isowa. Keke kaɗai ne ya haɗa gudu da shiru, kuma a daji abin da ke zuwa da gudu ba tare da ƙara ba, sunansa mai farauta. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai ɗan gurbi a gaban goshinsa da kuma bayansa kai tsaye. Ta wannan gurbin na bayan na ɓullo masa. A wurinsa ba ni da bambanci da damisa.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun shekarun baya. Kilomita 28 a awa na nufin kusan mita 8 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, yatsu su matsa birki, daƙiƙa guda ta tafi, wato na ci mita 8 ban fara tsayawa ba tukuna. Sannan tazarar da birki ke buƙata ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in ka ninka gudunka sau biyu, tazarar tsayawarka ninkuwa take sau huɗu. A kan kwalta ke nan mai riƙe taya. A kan tsakuwa ko yashi ko jiƙaƙƙen ganye abin ya fi haka muni. Kwanar nan kuwa ba ta nuna maka fiye da mita 10 a gabanka. Ashe duk sau ɗarin da na wuce lafiya, sa'a ce kawai ta yi mini rakiya.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina doka guda, ita ce kuma nake ganin ta fi duk sauran: ba na gudun da ba zan iya tsayawa a cikin iyakar abin da idona ke gani ba. In ina hango mita 50 a fili, in sake wa keken linzami. In ciyawa ko dutse ya rage mini gani zuwa mita 10, gudun ya dawo na mai sassarfa. Kuma kafin kwana nake rage gudu, keken na miƙe, ba a cikinta ba, don taya da ta karkata ba ta iya riƙe ƙasa da birki a lokaci guda. Birkin gaba shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, saboda nauyi gaba yake komawa in ana tsayawa, shi ya sa ake matsa shi a hankali ana ja da ɗuwawu baya da sirdi. Ni fizgarsa na yi, ya kuwa fizge ni.

Wani abokin hawana yana cewa na cika tsoro, wai turba ta motsa jiki ce, in mutum zai yi ta rarrafe gara ya zauna a gida. Na ba shi labarin abin da ya faru a jihar Montana ta Amurka a 2016, kusa da gandun dajin Glacier. Wani jami'in kula da daji, mutumin da aikinsa ke nan, ya san wurin ciki da bai, ya sha kwana a kan keke da gudu ya yi karo da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, irin manyan nan masu ruwan ƙasa. Dabbar ta kashe shi. Ba farautarsa ta fito ba, kansa ta ji a jikinta ba shiri, ta yi abin da kowace dabba ke yi in an firgita ta. Abokin nawa ya ce ai babu beyar a turbarmu. Gaskiya ne, babu. Amma kwana ba ta gaya maka abin da ta ɓoye, kuma gyado mai 'ya'ya ko saniyar da ke tare da maraƙinta ba za su tsaya tambayar ko da gangan ka yi ba.

Ba kullum ne laifin mai keke ba, kada in zama mai son kai ta ɗaya ɓangaren. A 2011 wani bidiyo ya zagaya duniya daga Afirka ta Kudu: matashi na tsere a fili, ba kwana ba ciyawa mai tsayi, kanki ya taho a guje daga gefe ya yi tsalle ya banke shi a ka. Abokinsa da ke biye da shi da kyamara ne ya ɗauka. Hular kwanonsa ta fashe, shi ya rayu. Ba dabarar birkin da za ta hana wannan. Hular ce ta karɓi bugun da ƙoƙon kansa zai karɓa. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: soson da ke cikin hular sau ɗaya yake aiki, in ya matse ya matse ke nan, ko da bayan hular bai nuna tsaga ba. Tawa ta ranar dokin, duk da ƙurji kawai ta yi, na jefar da ita.

Abin da na koya da idona game da dabbobi bai da yawa, amma yana yi mini aiki. Da asuba da kuma gab da faɗuwar rana suka fi yawo, daidai lokacin da mu ma muka fi son fita saboda sanyin iska, kuma daidai lokacin da haske ya fi ruɗin ido. In barewa ta tsallaka turba, ba ita nake bi da kallo ba, wurin da ta fito nake kallo, don da wuya ta zama ita kaɗai. Wata rana na tsaya cak bayan ta farko ta wuce, ina ƙirgawa a raina: ta biyu, ta uku, sai can bayan na ɗauka sun ƙare ga wata 'yar ƙarama ta faɗo turbar tana tuntuɓe, ƙafafunta kamar tsinke. Da na taka feda bayan ta ukun, da ita zan taka.

Maciji kuma da sanyin safiya yakan fito ya miƙe a kan turba yana shan hantsi, don jikinsa da zafin rana yake ɗumama. Daga nesa ba ka bambanta shi da reshen itace. Wasu na jin jijjigar ƙasa su sulale, wasu irin kasa ba sa motsi, sun dogara da launinsu. Yanzu duk "reshen" da ya gitta turba ina rage gudu in dube shi da kyau. In maciji ne, in ja da baya in ba shi lokaci. Ba na jifa, ba na tsokana da sanda.

Maganar tazara kuwa, a gandun dajin Yellowstone na Amurka doka ce a rubuce: yadi 100, kimanin mita 91, tsakaninka da beyar ko kyarkeci, yadi 25, kimanin mita 23, tsakaninka da yawancin sauran dabbobi, har da ɓaunarsu da mutane ke yi wa kallon saniyar gida. Ni ba na yawo da ma'auni. In dabba ta bar kiwonta ta ɗago kai tana kallona, na san na matso fiye da kima. Kuma ba na shiga tsakanin uwa da ɗanta ko da hoton zai fi kowane kyau.

Mutane sun fi dabbobi wuyar sha'ani, in faɗi gaskiya. Mai gudu da iyafis a kunnuwa biyu ba ya jin ƙararrawa, ba ya jin sallama, sai ka zo daf da shi ya yi tsalle ya faɗo ta gefen da kake shirin wucewa. Yaro ɗan shekara huɗu ba shi da alƙibla, inda ya ga malam buɗe littafi nan ya nufa. Mai kare yana wannan gefen, karen yana wancan, igiya siririya a miƙe tsakaninsu daidai tsayin taya. Da can waɗannan duk haushi suke ba ni, in dawo gida ina mita. Laifi tudu ne. Ƙa'idar da ƙungiyar masu keken tsauni ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a 1988, take koyarwa a fili take: mai keke ne ke ba mai ƙafa hanya, shi ne ke ba mai doki hanya, kuma mai gangarowa shi ke kauce wa mai hawa. A da ina ganin an danne mu. Yanzu na ga dalilin: ni ne mai gudu, ni ne mai ƙarfe, ni ne kuma nake ganinsu tun kafin su gan ni.

Ƙararrawa tana da amfani, amma na fi yarda da baki. Ƙararrawa daga nesa sanarwa ce, daga kusa kuwa tsawa ce, mutum ya ji kamar ana korarsa. Nakan kaɗa ta tun da sauran tazara, in na matso in ce "Sannunku, zan wuce ta damanku," in jira sai na ga sun ji. In muna da yawa, na gaba ya faɗi adadin da ke biye da shi, don mutane na komawa tsakiyar turba da zarar keke ɗaya ya wuce. Doki kuwa ba na kaɗa masa ƙararrawa sam. In tsaya, in sauka, in koma gefen turba ta ɓangaren gangare don kada in zama abin da ke tsaye a samansa, in yi magana da murya ta yau da kullum, in tambayi mahayin yadda yake so a yi. Shi ya san dabbarsa.

Na sake haɗuwa da dattijon bayan wata biyu ko uku, a wani wuri daban, wannan karon gaba da gaba. Tun daga nesa na sauka na gaishe shi. Dokin ya miƙe kunnuwa ya dube ni, ya huro iska ta hanci, ya ci gaba da tafiya. Da suka zo daidai da ni dattijon ya kalli gwiwar hannuna.

"Ya warke?"

"Ya warke, Baba."

Ya gyaɗa kai suka wuce. Na tsaya riƙe da keken har ƙarar kofato ta ɓace, sannan na hau.