Na yanke wa Yaya numfashi

Laraba, ɗaya saura na dare. Kashi na huɗu na fodkas ɗina, shirin sautin da nake ɗorawa a intanet, bai hau ba. Masu turo saƙo suna tambaya, ku yi haƙuri.

Da nishaɗina na tashi fa. Hoton bangon da Auta ya sake zanawa ya shiga ba gardama. Na farkon ƙanƙanta ya yi, ashe Apple Podcasts murabba'i take so, daga fiksel 1400 zuwa 3000 kowane gefe. Dabarar shiga kabad ma ta yi rana. Kun tuna kashi na biyu, da muryata ke amsa-kuwwa kamar daga rijiya nake magana? Bangon da ba komai a jikinsa shi ke dawo da sauti, tufafi kuwa shanye shi suke yi. Shi ya sa ranar Asabar ni da Yaya muka cusa kai tsakanin riguna, makirfo a tsakiya, muka naɗi hirar minti 52. Zufa kam mun sha ta.

Kwana uku ke nan ina kan Audacity, manhajar gyaran sauti. Murya a can tsaunuka-tsaunuka take fitowa, shiru kuma layi ne a kwance. To layin nan na sa wa ƙahon zuƙa. Duk inda ya wuce rabin daƙiƙa, na datse. Duk wani "eh", "to", "kin gane ko", duk jan numfashi, na kwashe. Hira ta dawo minti 38. Na daidaita ƙarfin sautin a -16 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti ne) yadda Apple ke ba da shawara, na fitar da MP3 a kan 128 kbps, kusan megabait ɗaya ke nan kowane minti. Sai ji nake da kaina.

Da yamma Yaya ta biyo. Na miƙa mata iyafis, na zauna ina jiran yabo.

Ba ta yi minti huɗu ba ta zare na kunne ɗaya.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Yaya."

Na zaci abin nan ne da ke samun kowa. Har na fara mata lacca, cewa in mutum na magana ta ƙashin kansa ma yake jin muryarsa, shi ya sa take masa kauri, in ya ji ta a naɗe kuma sai ta zame masa siririya, baƙuwa. Ta ɗaga mini hannu.

"Ke, na san muryata. Ba ita nake nufi ba. Wannan matar da ke zuba kamar an biyo ta, yaushe take numfashi?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce in kai ta wurin da na tambaye ta ko ta yi nadamar barin koyarwa. Na kai ta. Tambayata na ƙarewa amsa ta faɗo: ban yi nadama ba. Tsaf, ba gargada.

"Ba haka na faɗa ba," in ji ta.

"Wallahi Yaya ko kalma ɗaya ban taɓa ba."

"Kalma kam ba ki taɓa ba. Amma na daɗe ban amsa ba, kin sani, kina wurin. Wanda ya ji shirun nan zai gane sai da na auna maganar, har na kusa cewa eh. Yanzu kamar na haddato amsar daga gida. Kin sa na yi ƙarya da bakina."

Na shiga kare kaina. Na nuna mata jadawalin Spotify, yadda layin masu sauraro ke gangarowa tun mintocin farko. Na ce mutane ba su da haƙuri, shiru na yin tsawo za su zaci waya ce ta tsaya, su wuce. Ta ce su nawa ne mutanen? Na faɗa mata. A nan ne ta yi dariya, har da riƙe ciki. Ta ɗauki jakarta, ta ce fodkas ɗinki ne, yi yadda kika ga dama. Ita ce maganar da ta fi ci mini rai.

Bayan ta tafi na buɗe fayil ɗin asali, Allah ya sa ban goge ba. Daƙiƙa tara ne shirun. Kuma ba shiru ba ne ma sosai. Akwai hanga da ta motsa, akwai numfashin da Yaya ta ja ta riƙe, akwai ni ina haɗiyar yawu. Sau shida na saurara.

Abin da ya hana ni barci shi ne, da na bi inda na fara datsa, ba daga Yaya na fara ba. Daga in'inata na fara, wadda nake jin kunyarta tun ina 'yar makaranta. Na share tawa tas, sai nata jinkirin ya fito fili, shi ma na bi shi. Masu sauraro daga baya na tuna da su, lokacin da nake neman hujja.

Na mayar da daƙiƙa taran, na asalin, da ƙarar hangar da komai, don shirun da kwamfuta ke ƙirƙira mutuwa yake yi a kunne. Sauran ɗaruruwan datsan ne ban san yadda zan yi da su ba. Ban danna wallafa ba, domin da zarar RSS, hanyar da ke rarraba shirin, ya kai kashin manhajoji, ko na sauya fayil daga baya, wanda ya riga ya sauke tsohon zai ci gaba da ji.

Auta na son a ambaci sunansa a ƙarshen shiri. Za a ambata.

Na tura wa Yaya sabon yankin tun sha ɗaya. Alamar ta nuna ta saurara. Ba ta ce komai ba.